Amsa ga 'yar'uwar da aka ga furotin a fitsarinta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce cikinki ya shiga wata bakwai, an tsoma 'yar takardar gwaji a fitsarinki ta nuna furotin alama biyu, sannan aka sallame ki ba tare da bayani ba. Wallahi tambayarki ta fama mini tsohon miki, domin haka nawa ya fara a nan Garwa, ta ƙasar Kamaru.

Takardar nan da ake kira bandelet ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Ciwon sanyin mafitsara, ko ruwan gaba da ya gauraya da fitsari, ko ƙarancin shan ruwa a irin zafinmu na Maris da Afrilu, duk suna iya sa ta nuna furotin. Amma idan ciki ya wuce mako 20, kuma awon hawan jini ya kai 140 bisa 90 sau biyu da tazarar awa 4, to ana zargin firi-eklamsiya, wato cutar hawan jini ta masu ciki, wadda ke iya kai mace ga jijjiga. Ana tabbatarwa ne ta hanyar tara fitsarin awa 24, a ga ko furotin ya kai miligiram 300.

Ni ranar da aka ga nawa, na'urar awon hawan jini ta asibitin a lalace take. Ma'aikaciyar ta rubuta sakamakon a karnena, wato littafin awon cikina, ko ɗaga kai ba ta yi ta dube ni ba, ta ce in rage gishiri, wai kumburi gadon masu ciki ne, alhali fuskata ta cika, zoben hannuna ya nutse cikin yatsa. Da ciwon kai ya tsananta, ina ganin walƙiya a idona, a gida aka ce iska ce, aka kawo hayaƙi. Cikin dare jijjiga ta kama ni, ban farka ba sai a babban asibiti da harshe a taune, an yi mini allurar magnesiyam salfet mai tsayar da jijjiga, an ciro yaron ta tiyata, bai zo da rai ba. Na san ƙaddara ce, amma har yau idan na tuna matar nan zuciyata sai ta yi zafi, domin da ta ce in je wani wuri a auna ni, da na je.

Don Allah ki koma yau ɗin nan, ki nace a auna hawan jininki. Ki yi tsarki kafin ki ba da fitsari, ki tari na tsakiya. Idan kika ji ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko awo ya kai 160 bisa 110, kada ki jira gari ya waye. Ki gaya wa maigida ya ajiye lambar mai mashin, domin neman abin hawa cikin dare wata wahala ce. Cutar firi-eklamsiya tana iya zuwa ba furotin a fitsari, kuma tana iya tasowa bayan haihuwa, saboda haka a ci gaba da awo ko kina jego.

Ki rubuto mana abin da awon ya nuna. Allah ya sauke ki lafiya.