Mita ta ce 10.2, lab ya ce 7.9, wa za a yarda da shi?

Yarona, tambayar da ka min jiya na ce bari sai na natsu, wai matar nan ta ɗakin mata da nas ta caki yatsanta mita ta nuna sikari 10.2 mu kuma injinmu na lab ya ba da 7.9, to waye maƙaryaci? Mai yiwuwa babu ko ɗaya, kai dai ka yi saurin neman mai laifi.

Fara tambaya tukuna, jinin nan awa nawa ya yi a kan tire kafin ya iso bencinmu? Ƙwayoyin jini da ransu suke, ko a cikin kwalba ci gaba suke da cin sikarin, wajen kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, in kuma zafin Afrilu ne irin namu abin ya fi haka gudu. Shi ya sa kullum nake faɗa a kan kwalbar fulorayid, wato mai sinadarin da ke hana ƙwayoyin jini cin sikarin, ita ɗin ma ba nan take take kamawa ba sai ta ɗau awa ɗaya ko biyu, to ka ga in an ɗebi jini da safe aka ajiye ana jiran masinja har azahar, injinmu komai tsadarsa abin da ya rage a kwalbar zai faɗa maka, ba abin da ke jikin matar ba.

Ita ma mitar tana da nata halin. Ka duba PCV ɗin matar, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jininta? Mai ƙarancin jini mita kan ɗaga mata lamba, jariri sabon haihuwa mai kaurin jini kuma ta kan rage masa, wannan kam ka riƙe shi da kyau don a ɗakin jarirai ba wasa ba ne. Sai yatsa, in ta ci dabino ko mangwaro ba a wanke hannu ba, ai dabinon ka auna. Sai sitirif, ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a sa a mita, duba jikin gwangwanin za ka ga yawanci an ce kar ya wuce digiri 30, amma sai ka tarar da shi a bakin taga murfi a buɗe. Kuma ko lafiyayyar mita ce, ƙa'idar ISO 15197 ta 2013 ta yarda mata da saɓanin kashi 15 cikin ɗari in sikari ya kai 100 mg/dL, wato wajen 5.6 a ma'aunin da muke amfani da shi. Haɗa waɗannan duka ka ga ko tazarar nan taka ba ta cike ba.

Kar ka ji haka ka raina gwajin bakin gado fa. Yaro ya zo a sume, sikarinsa ya faɗi, daƙiƙa kaɗan mita ta nuna an ba shi gulukos, wa zai tsaya jiranmu? Haka RDT, wato gwajin gaggawa na maleriya, minti 15 zuwa 20 an gama, sai dai wanda ya sha magani ya warke yana iya yin makonni layin da ke nuna akwai cutar na fitowa, a nan kam sai an koma shafa jini a gilashi a duba da madubin likita.

Gobe in Allah ya kaimu ka je ɗakin da kanka, a wanke mata hannu da sabulu ya bushe, a caki yatsa a kuma ɗebi na jijiya a lokaci guda, ba a hannun da ke da ruwan dirif ba, ka rubuta sunanta da lokaci a jikin kwalbar tun kana tsaye a gabanta, ka kawo da ƙafarka mu juya shi a injin raba ruwan jini da ƙwayoyinsa nan take. Ka taho min da gwangwanin sitirif ɗin nasu da ruwan kwantirol, wanda ake gwada lafiyar mita da shi, in suna da shi, ina son ganin ranar da aka buɗe shi.