Me ya sa asibitin kuɗi yake sake tambayar abin da aka riga aka faɗa wa 997?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa idan an kira motar asibiti a Makka, sai an maimaita bayanin mara lafiya a asibitin kuɗi. Dalilin shi ne, lambar kiran motar asibiti ta 997 ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent) ta Saudiyya ce, lambar gaggawa ta 911 kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, alhali kowane asibiti mai zaman kansa yana da tasa manhajar, kuma idan ba a tsara bayanai iri ɗaya ba, abin da wannan na'ura ta aiko, waccan ba za ta iya karanta shi ba.

A ganina, bayanin wurin da mara lafiya yake ne ya fi bukatar daidaitawa, domin "bayan masallaci a Misfala" ba adireshi ba ne ga direba, amma gajeren adireshin ƙasa, mai haruffa 4 da lambobi 4, yana kai shi ƙofar gida. An riga an yi irin wannan daidaita bayanai a harkar inshorar lafiya ta NPHIES, dandalin musayar bayanai tsakanin asibitoci da kamfanonin inshora a Saudiyya. Sai dai dokar kare bayanan mutum, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023, ta iyakance abin da za a miƙa wa kamfani, saboda haka dole yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin hukumomin da asibitocin kuɗi ta fayyace wanda zai ga sunan mara lafiya da ciwonsa.