Tambaya da Amsa: Ta Ina Mai Sha'awar Ƙwari da Tsirrai Zai Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ba ɗalibar kimiyya ba ce, amma tun ina ƙarama nake sha'awar kallon ƙananan halittu irin su tururuwa, mazari, gizo-gizo da dodon koɗi, har da ciyayin da ake takawa ba a ko dube su ba. Ban san sunayen yawancinsu ba, kuma an ce mini sai na riƙa kama su ina kashewa ina adanawa kafin in san su da gaske. Shin haka ne? Ta ina ya kamata in fara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya gaya miki haka ya ɗora miki aikin da ba naki ba. Masu bincike suna da dalilin tara matattun ƙwari, domin akwai nau'o'in da ba a bambance su sai an duba sassan jikinsu da na'urar ƙara girman abu, amma mai sha'awa irinki ya fi ƙaruwa da ƙwaro mai rai, wanda za a ga abin da yake ci, da inda yake kwana, da wanda yake farautarsa. Rashin sanin sunaye kuwa kada ya dame ki, domin nau'o'in ƙwarin da masana suka riga suka raɗa wa suna sun kai kimanin miliyan 1, kuma babu masanin da ya haddace ko da kashi ɗaya cikin goma nasu.

Abin da za ki fara koya shi ne ƙirga ƙafafu. Mai ƙafa shida da jiki kashi uku, wato kai da ƙirji da ciki, shi ne ƙwaro na ainihi, kamar fara da zuma da ƙoƙi-ƙoƙi. Mai ƙafa takwas dangin gizo-gizo ne da kunama. Shanshani yana da ƙafa biyu a kowace gaɓa ta jikinsa, ƙadandoniya kuwa huɗu a mafi yawan gaɓoɓinta. Wannan kaɗai ya isa ya raba miki yawancin abin da za ki gani gida-gida.

Shawarata mafi girma ita ce ki zaɓi tsiro guda, ki riƙa komawa gare shi safe da yamma, maimakon yawon neman abin mamaki. Ɗauki tumfafiya misali, wadda dabbobi da yawa ke ƙyale ta saboda farin ruwanta mai guba. Idan kika ɗaga ganyenta kika duba bayansa, za ki iya samun ɗan ƙwai guda wanda bai wuce kan allura ba, wanda wani malam-buɗe-littafi mai fukafukai ruwan goro da baƙin baki da fararen ɗigo ya ajiye. Tsutsar da ke fitowa daga ƙwan tana da zane baƙi da fari da rawaya, kuma tun tana ƙarama takan yanka ganyen a kewaye domin ruwan nan mai danƙo ya tsiyaye kafin ta ci abin da ke tsakiya. Gubar da take haɗiya ba ta kashe ta. Tana tara ta a jikinta har bayan ta rikiɗa ta yi fukafukai, saboda haka tsuntsun da ya taɓa cin irinta ba ya marmarin sake gwadawa. Har akwai macen wani nau'in malam-buɗe-littafi daban, marar wannan guba, wadda ta yi kama da mai gubar sosai, tana cin albarkacin tsoron da tsuntsaye ke yi masa. Duk wannan a kan tsiro guda yake faruwa, cikin makonni kaɗan.

Irin wannan kallo na haƙuri shi ne ya ɗaukaka Maria Sibylla Merian, mai zane haifaffiyar Jamus, wadda ta tafi ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka a 1699 ta zana tsutsotsi tare da tsirran da suke ci, a zamanin da mutane da yawa ke zaton daga laka ƙwari suke fitowa. Charles Darwin ma, masanin halittu ɗan Ingila, littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, a kan tana ya rubuta shi.

Zanzaro shi ma ya cancanci a tsaya masa. Macen ce ke jigilar laka tana gina ɗakuna a jikin bango, sai ta harbi gizo-gizo ta shanye masa jiki ba tare da ta kashe shi ba, ta cusa da dama a ɗaki guda, ta yi ƙwai, ta liƙe ƙofar, domin tsutsarta ta tarar da abincin da bai ruɓe ba. Ba shi da saurin harbin mutum kamar rina, don haka ana iya kallonsa daga kusa muddin ba a taɓa shi ba.

Kayan aikin ba su da yawa: madubin hannu mai ƙara girma sau 10, da ɗan littafi da za ki riƙa rubuta rana da lokaci da tsiron da kika ga halittar a kai, da kyamarar waya. Ki ɗauki hoto ta sama da ta gefe, na tsiro kuma ki haɗa da ganye da fure da 'ya'ya. Manhajar iNaturalist tana ba da hasashen suna, sannan wasu masu amfani da ita su tabbatar ko su gyara, kodayake bai kamata a karɓi hasashen na'ura ido rufe ba. Idan za ki ɗaga dutse ko icce, ki yi da sanda saboda kunama da shanshani, ki mayar da shi yadda kika same shi domin danshin da ke ƙarƙashinsa ne ke rayar da mazaunansa, kuma kada ki taɓa tsutsa mai gashi da hannu ko ki bari ruwan tumfafiya ya shiga idonki.