Wutsiyar da ta soke taro

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na ja layi a fassararka ta jiya, inda Turancin ya ce "The meeting was called off" kai kuma ka rubuta "an kira taro". Jawo kujera ka ji.

Idonka ya faɗa kan called, ka san kira ne, sai ka yi gaba abinka. Ba ka lura da 'yar wutsiyar nan off da ke maƙale a bayanta ba. To, call off kalma biyu ce a ido, amma a ma'ana aikatau ɗaya ce tak, wato sokewa. Da a ce "The meeting was called" aka rubuta, da ka yi daidai. Haruffa uku ne suka juya zancen. Da mun saki aikin nan yadda ka yi shi, da mutane sun yi wanka sun kama hanyar taron da aka riga aka fasa.

Ga inda tarkon yake. Idan an ambaci mai aikin a gaba, wutsiyar tana yawo: ana cewa "They called off the meeting", ana kuma cewa "They called the meeting off". In wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "They called it off". Amma da zarar an juya jimlar, karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ya koma farko, babu sauran abin da zai raba su. Sai off ta manne wa called, sau da yawa can a ƙarshen jimla, daidai inda mai gaggawa ya riga ya ɗauke ido. Haka "The work was carried out", an gudanar da aikin ke nan, ba fitar da shi waje aka yi ba. Haka "She was looked after", an kula da ita.

Ɓangarenmu da sauƙi, muna da "an": an soke taron, shi ke nan. Inda yara ke ba ni ciwon kai shi ne in aka ƙara "by the chairman". Sai ka ga an rubuta "an soke taron ta hannun shugaba". Wannan ai ka mai da shugaba ɗan aike. Bahaushe in ya san wanda ya yi abu, kiran sunansa yake yi: shugaba ne ya soke taron.

Kuma ba kowane aikatau ne ke juyuwa ba, sai mai karɓau. "The car broke down", mota ce ta lalace da kanta, babu abin juyawa. Amma "The door was broken down", wannan ɓalle ƙofar aka yi da ƙarfin tsiya.

Ɗauki takardar ka gyara. Akwai "put off" a shafi na biyu, dubo shi da kyau, don ɗagewa daban, sokewa daban.