Kafin Ka Biya Kuɗin Manhajar Tsaro, Ka Fara Duba Inda Littafin Bashinka Yake

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano. Ina da kwamfuta a gida wadda nake shigar da lissafin shago a cikinta kowane dare, har da sunayen waɗanda suka ɗauki kaya bashi, kuma da ita nake shiga asusun banki in tura wa diloli kuɗi. Yarana ma suna amfani da ita da rana. Kwanan nan ta yi nauyi, tallace-tallace kuma sai faɗowa suke yi a fuskarta. Wani mai gyara ya ce in ba shi naira 40,000 ya sa mini manhajar riga-kafi da wata ta share dattin kwamfuta, kuma duk shekara sai an sake biya. Shin ya dace in kashe wannan kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ka dakata da biyan kuɗin nan tukuna, domin mafi yawan abin da ake son sayar maka yana nan cikin kwamfutarka kyauta, kuma abin da ya fi buƙatar kuɗinka ba ya cikin abubuwan da mai gyaran ya lissafa. Kwamfutar kanta tana da farashi a kasuwa, idan ta lalace gobe za ka iya sayen wata. Littafin bashin da ke cikinta kuwa babu shagon da ake sayar da shi, kuma kai ka fi ni sanin cewa ranar da ya ɓace, ba kowane mai bashi ne zai zo da ƙafarsa ya tuna maka nawa kake binsa ba. Saboda haka duk nairar da za ka kashe, ka auna ta da wannan littafi.

Idan kwamfutarka tana aiki da Windows 10 ko Windows 11, to akwai manhajar riga-kafi a cikinta mai suna Microsoft Defender, wadda ba a biyan ko kwabo a kanta, kuma ta isa ta tsare kwamfutar gida muddin tana kunne tana samun sabuntawa. Ka rubuta Windows Security a wurin bincike na ƙasan allo, ka buɗe, ka duba ko alamomin da ke ciki kore ne. Sau da yawa na tarar an kashe ta, kuma dalilin kusan ɗaya ne: wanda ya sa wa mutum manhajar sata, wato wadda aka fasa makullinta don kada a biya, yakan kashe mai gadin kafin ta shiga. Ba na cewa manhajojin da ake biya ba su da amfani, akwai nagari a cikinsu, amma wadda mai gyara zai ɗauko daga filashinsa ba tare da rasit ko lambar lasisi da sunanka ba, sau da yawa ita kanta ta sata ce. Kada kuma a haɗa maka manyan manhajojin riga-kafi biyu a lokaci guda, domin kowace za ta riƙa ɗaukar 'yar'uwarta a matsayin ɓarauniya, nauyin da kake kuka da shi ya ƙaru.

Tallace-tallacen da ke faɗo maka alama ce ta cewa wani abu ya riga ya shiga, mai yiwuwa ta hanyar wasannin da yara ke saukewa. Maganinsa kyauta ne. Ka sauke AdwCleaner da Malwarebytes daga shafin kamfanin Malwarebytes kansa, ba daga wani shafin da ya tara manhajoji barkatai ba, ka bar su su bincike kwamfutar, ka goge abin da suka kamo. Nau'in Malwarebytes na kyauta ba ya tsayawa gadi dare da rana, sai ka kira shi yake bincike, don haka yana zama lafiya da Defender. Bayan haka ka shiga saitin burauzarka ka cire duk wani ƙari, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa burauza, da ba ka san wanda ya sa shi ba, ka kuma janye izinin shafukan da aka ba damar turo maka sanarwa.

Game da manhajar share datti, a nan ne na fi ganin asarar kuɗi. Windows tana da nata tsintsiyar, wato Storage Sense da Disk Cleanup, waɗanda ke kwashe fayilolin wucin gadi da tarkacen sabuntawa. Sanannar manhajar shara ta duniya ma, CCleaner, a shekarar 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin nau'inta na 5.33, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke ta daga hannun kamfanin kansa suna zaton tsafta suke yi. An gyara matsalar daga baya, amma darasin da ni na ɗauka shi ne kowace manhaja da ka ƙara ƙofa ce ka buɗe a gidanka, don haka kada ka ƙara wadda ba ka buƙata. Nauyin kwamfuta galibi yana zuwa ne daga manhajojin da ke tashi tare da ita, kuma idan ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare za ka ga jerinsu ka kashe marasa amfani. Idan nauyin bai tafi ba, to matsalar ta ƙarfe ce: tsohon faifan ajiya mai juyawa, ko ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki, ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka har injin ke zafi. A nan ne mai gyaran zai ci halalinsa, ya buɗe ya busa ƙurar, ya sauya maka faifan da irin wanda ake kira SSD, wanda bambancin saurinsa za ka gan shi tun daga kunnawar farko.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarka. Akwai wata irin muguwar manhaja da ke yin garkuwa da fayiloli, ta kulle su, ta nemi kuɗin fansa. Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da ya kawo mini kwamfutarsa yana gumi, ya buɗe foldar lissafinsa, sai ga kowane fayil yana nan da sunansa amma an liƙa masa wasu haruffa huɗu a wutsiya, ko ɗaya ba ya buɗuwa, ga kuma wata 'yar takarda da Turanci a kowace folda. Irin wadda ta kama shi ana kiranta STOP ko Djvu, tana yawan shigowa ne ta manhajojin sata, kuma abin da ta saba nema a wancan lokacin dala 980 ne, a rage zuwa 490 idan an biya cikin sa'o'i 72. Ɗansa ne ya sauke wata manhaja da aka fasa a daren da ya gabata. Mutumin bai yi maganar kwamfutar ba ko sau ɗaya, sunayen masu bashi kawai yake ƙoƙarin tunowa yana lissafawa da yatsu.

Babu manhajar riga-kafi da za ta yi maka alkawarin kare ka daga wannan ɗari bisa ɗari. Abin da ke ceton mutum shi ne kwafi. Ka ɗauki wani ɓangare na kuɗin nan ka sayi faifan ajiya na waje, ka kunna File History da ke cikin Windows, mai yi maka kwafin fayiloli da kansa, ko ka riƙa kwafe foldar lissafi da hannunka duk ranar Juma'a, sannan ka zare faifan ka ajiye shi a inda kake ajiye takardun fili. Zarewar nan tana da muhimmanci, domin idan yana jone lokacin da cutar ta shiga, shi ma za ta kulle shi. Kwafi na biyu kuma ya kasance a intanet: Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5, alhali lissafin shago na shekaru da yawa ba zai cika ko gigabait ɗaya ba. Ni a ganina ma, ka riƙa buga jerin masu bashi a takarda duk ƙarshen wata. Idan za a kai bugawa a shagon buga takardu, a yi amfani da filashi na daban wanda ba ya ɗauke da komai sai wannan fayil, a kuma bincike shi da Defender idan ya dawo, domin akwai wata cuta da ke ɓoye fayiloli ta bar alamomi masu ɗan kibiya a madadinsu, kuma ta filashi take yawo.

Sabuntawa kuma kada ka riƙa ɗage ta don tsoron cin data. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ramin da cutar ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Ka duba kuma wace Windows kake da ita: an daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Idan injinka zai ɗauki Windows 11, ka koma kanta. Idan ba zai ɗauka ba, ka fara sa sayen wata a cikin kasafin shago, kamar yadda kake ware kuɗin haya. Idan kuma Office ɗin da kake lissafi da shi na sata ne, LibreOffice kyauta ce ta halal, kuma tana buɗe fayilolin Excel.

Batun yara ba ya buƙatar faɗa. Ka buɗe musu nasu asusun a kwamfutar, na talaka wanda ba shi da ikon shugaba, ta yadda ba za su iya sa manhajar da za ta taɓa tsarin kwamfutar ba sai da kalmar sirrinka, kuma ba za su ga foldar lissafinka ba. Aikin minti biyar ne. Da so samu ne, kwamfutar da ake shiga banki da ita ba za ta zama ta wasa ba sam.

Tunda ka riga ka ga alamar wani abu ya shiga, bayan an tsabtace kwamfutar ka sauya kalmar sirrin banki da ta imel, kuma ka fara da ta imel, domin wanda ya mallaki imel ɗinka zai iya sake saita sauran. Kada ka yi amfani da kalma ɗaya a wurare biyu. Bitwarden manhaja ce ta kyauta da ke adana kalmomin sirri a kulle, kai kuma ka haddace guda ɗaya tak. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta biyu kafin a shiga, a imel da WhatsApp, wanda na san da shi kake karɓar oda daga abokan ciniki. Ka kuma bi bayanan asusunka na watanni ukun da suka wuce layi bayan layi, idan ka ga fitar kuɗin da ba ka gane ba, ka je reshen bankinka da kanka washegari. Idan za ka kai kwamfutar wurin mai gyaran don busa ƙura da sauya faifai, ka yi kwafin lissafinka tun a gida, ka fita daga asusun banki da imel, ka zauna a gabansa har ya gama, sannan ka karɓo tsohon faifan ka tafi da shi, domin duk lissafinka yana nan a cikinsa.