Ga ɗan'uwan da ya ce mu Hausawan Sudan mun narke

Malam, na ga tambayarka, wai mu da muka kwana biyu a Sudan har yanzu Hausawa ne ko mun zama Larabawan dole tunda yaranmu "ya zol" suke cewa ba "kai yaro" ba. Wallahi ban ji haushi ba, ko nan ma ana mana irinta sai dai ta ɗaya gefen.

Bari in bi da kai ta wani littafi da kusan duk wanda ya yi boko a nan ya san shi, Mausimul Hijra ilash Shamal na Ɗayyib Salih, ya fito 1966, shekara goma kenan da ficewar Turawa. Mai ba da labarin ya dawo daga Turai bayan shekara bakwai zuwa ƙauyensu a bakin Nilu, gari na wayewa ya hango dabinon tsakar gidansu sai hankalinsa ya kwanta, don ya ga shi ma yana da saiwa. To a ƙauyen akwai wani baƙo Mustafa Sa'id, manomi, da matarsa da 'ya'ya biyu, ashe Landan ta gama cinye shi har kurkuku ya yi can. Da aka buɗe ɗakin da yake kullewa sai ga murhun jin ɗumi irin na Ingila a ƙasar da rana ke gasa mutum, littattafai jingim ba ko ɗaya na Larabci, hatta Alƙur'anin fassarar Turanci ne.

Ranar da na kai wannan shafin dariya na yi, don mu ma muna da wannan ɗakin, kawai namu a juye yake. A waje jallabiya da rawani, mata da tob, wato lafayar matan nan, Larabci a kasuwa da makaranta, kisra, wato siririyar gurasar dawa ta nan, muke ci kamar kowa. Amma ka tsallake zaure ka ji, tuwo da miyar kuka, "sannu da gida Inna", yara da allo, tsofaffi suna Hausar da babu Turanci ko ɗigo a ciki, wata kalmar ma ku kun yar da ita tuni. Kuma namu ɗakin ba a kulle yake ba, agashen da duk Khartum ke layi a kansa da yamma tsiren kakanninmu ne, godo-godo kuwa 'yar'uwar furarku ce.

Inda littafin ya fi ci mini rai shi ne dabinon nan. Mai ba da labarin yana da kakan da ya tsufa a ƙauyen, ba mai tambayarsa daga ina. Mu kakanninmu da ƙafa suka taho bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi 1903, wasu tare da ɗansa Mai Wurno da garinsa ke nan har gobe kusa da Sinnar, wasu niyyar Hajji ce guzuri ya ƙare suka tsaya noman auduga a Jazira. Sama da shekara ɗari amma sunanmu Fallata ko Takari, ka je neman jinsiya a ce kawo shaidar kakan kakanka. A nan ƙabila sai tana da dar, wato ƙasar da ake kira da sunanta, sannan ake jin maganarta, a kan haka aka zubar da jini a jihar Nilul Azraƙ a 2022 da Hausawa suka nemi masarauta tasu, aka ce ai baƙi ne.

Kano kuwa na je sau ɗaya, ina buɗe baki a Kurmi mai shago ya ce Balarabe me za a kawo, ya kuma ninka min kuɗi. Ɗana ƙarami yanzu yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa, kakarsa ta rantse ba za ta miƙa masa tuwo ba sai ya roƙa da Hausa, jiya sai da ya kusa kwana da yunwa.