Tambaya da Amsa: Wai daga ina kalmar "frank" ta fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina yawan jin masu Turanci in za su faɗi magana mai ɗaci sai su fara da "to be frank", shi wannan frank ɗin sunan wani ne ko me? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Frank siffa ce ta mutumin da ba ya kwana-kwana, abin da ke cikinsa shi ke bakinsa, ko zai miki daɗi ko ba zai miki ba. In ya ce "to be frank" kamar ya ce gaskiyar magana ne, kodayake wasu da ita suke buɗe ƙarya, wannan kuma daban.

Kin kusa canka da kika ce suna, don asalinta sunan wata ƙabila ce, Franks, dangin Jamusawa da ke zaune a bakin kogin Rhine, da daular Rum ta yamma ta rushe sai suka mamaye ƙasar Gaul, sarkinsu Clovis ya hau mulki a 481 ya haɗe kansu kafin ya mutu a 511, kuma daga sunansu ƙasar ta koma Faransa. To tunda su suka ci ƙasar da yaƙi su ne 'ya'ya masu cikakken 'yanci, shi ya sa a Latin na wancan zamanin francus ya koma nufin ɗa wanda ba bawa ba. Turanci ya aro ta daga Faransanci wajen 1300 da wannan ma'anar, sai a ƙarni na 16 ta koma mai faɗin ra'ayinsa ba tsoro. Ni dai a ganina hanyar a fili take, bawa sai ya tauna magana sau goma kafin ya furta a gaban ubangidansa, ɗa kuwa wa zai rufe masa baki?

Kuɗin franc ma tushensu ɗaya, an fara buga shi a 1360 lokacin da ake fansar Sarkin Faransa Jean na biyu daga hannun Ingila. Sunan Frank da ake raɗa wa maza shi ma daga can ne.

Sai dai ki kula kar ki haɗa ta da blunt. In an ce miki frank yawanci yabo ne, in kuwa aka ce blunt to ana nufin gaskiyar taki babu lallashi ko kaɗan, har da ɗan ƙorafi a ciki.